Kwamfutar Tebur Ta Ƙi Tashi: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Yarda Bod Ya Ƙone

"Bod ne ya ƙone." Ita ce maganar da ta fi saurin fita daga bakin wasu masu gyara idan aka kai musu kwamfutar tebur da ta ƙi tashi. Wani lokaci gaskiya suke faɗa. Amma a Kadunan nan, inda wuta ke zuwa da ƙarfi yanzu an jima ta yi sanyi, ga kuma ƙurar hunturu da ba ta barin ko'ina, abubuwan da na fi zargi guda uku ne: fawa fak (akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta), ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da ya yi datti, da ɗan ƙaramin batirin da ke kan madabod, wato bod, babban faifan da komai ke jone a kansa. Duk ukun za ka iya duba su a shagonka ko a ɗakinka da sukudireba guda. Ko mai shagon buga takardu ne kai a kusa da Poly a Tudun Wada, ko ma'aikacin ofis a Ahmadu Bello Way, hanyar binciken ɗaya ce.

Sharaɗi ɗaya zan kafa maka tun daga nan: kada ka taɓa abu biyu a lokaci guda. Ka canza abu ɗaya, ka kunna, ka ga abin da ya faru. Wanda ya zare ram, ya canza waya, ya cire batir duk a tashi ɗaya, ko kwamfutar ta tashi bai san me ya gyara ba, gobe ciwon zai dawo ya same shi a inda ya bar shi.

A ina ta tsaya?

Idan ka danna maɓallin kunnawa, fawa fak ne ke fara ba bod wuta. Daga nan sai wata 'yar manhaja da ke zaune cikin ƙaramin cif a kan bod ɗin, wato BIOS, ta farka. Na zamani sunansa UEFI, amma kowa BIOS yake ce masa. Shi ne ke duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya duba ram, ya duba abin da ke fitar da hoto, sannan ya nemi had dis ko SSD ɗin da Windows ke ciki ya miƙa masa ragama. A jere ake yin wannan, don haka inda kwamfutar ta tsaya shi ne zai nuna maka inda za ka nufa. Ta yi shiru ne ɗungurungum? Fanka na juyawa amma monita baƙi ƙirin? Tana tashi ta mutu? Ko kuwa tambarin kamfani yana fitowa, Windows ne ya ƙi hawa?

Kafin ka buɗe akwatin, zare wayar wuta daga bayansa, ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 15 don ragowar wutar ciki ta zube. Sannan ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai. Da hunturu wannan ba wasa ba ne. Tartsatsin da kake ji idan ka tuɓe rigar sanyi ko ka kama hannun ƙofar mota ya isa ya kashe ram ba tare da ka ga komai ba. Shi kuwa fawa fak, kada ka kwance murfinsa ko da an zare shi daga wuta, akwai kafasitoci a ciki masu riƙe wutar da za ta iya yi wa mutum illa.

Idan ta yi shiru gaba ɗaya

Fara daga bango. Jona cajar waya ko fitila a soket ɗin ka tabbatar akwai wuta. Cire ekstenshan daga tsakani, domin yawancin masu arha da ake sayarwa cikinsu ya saki tun ba a yi nisa ba. Fulogi mai ƙafa uku yana da fiyus a ciki, kuma yana yankewa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ari wayar monita, galibi bakinsu ɗaya ne da ta fawa fak. Duba bayan akwatin, idan akwai makunni mai alamar I da O, ya kasance a kan I. Idan sitabilaiza kake amfani da ita, wasu suna jinkirin 'yan mintuna kafin su saki wuta, wasu kuma sukan ƙi saki gaba ɗaya in wutar ta yi ƙasa sosai. Haka ƙaramin janareta da aka ɗora wa firji da dutsen guga, ba lallai ya iya tayar da kwamfuta ba.

Akwai wani ɗan jan makunni a bayan tsofaffin fawa fak da ya cinye wa mutane kuɗi da yawa. An rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. Wutar Najeriya volt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma kwamfutocin tokumbo da yawa daga can suke zuwa. Idan makunnin yana kan 115 ka jona a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji sai ƙauri. Duk wanda ya sayo tokumbo ya leƙa wannan wurin kafin ya jona, ko da mai shagon ya rantse ya gwada ta. Idan abin ya riga ya faru, kada hankalinka ya tashi, sau da yawa fawa fak ɗin kaɗai ke tafiya, bod ya tsira. Sababbin fawa fak masu kyau ba su da wannan makunnin, da kansu suke daidaitawa.

To wuta na shiga, har yanzu shiru. Zare duk abin da ke jikin kwamfutar ta waje: firinta, filashi, kibod, komai. Ka haska tocila cikin ramukan USB, musamman na gaba. A shagon da ɗalibai ke wuni suna cusa filashi, ɗan harshen robar da ke cikin ramin yakan karye, ƙarafan su haɗu, bod kuma ya ƙi tashi don kare kansa. In ka ga haka, bi wayar ramukan zuwa kan bod ka zare ta, ka sake gwadawa.

Maɓallin kunnawa ma yana mutuwa. Bi siririyar wayarsa zuwa kan bod, za ka tarar da ita a kan fil biyu da aka rubuta PWR_SW ko makamancin haka. Zare ta, mayar da wuta, ka taɓa fil biyun tare da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan ta tashi, maɓalli ne kawai matsalarka.

Yanzu sai shi fawa fak ɗin kansa. Zare dukkan wayoyinsa daga bod da had dis. Ɗauki babban bakin nan mai rami 24, za ka ga koriyar waya guda ɗaya tak a cikinsa. Lanƙwasa kilif ɗin takarda, ka sa ƙafa ɗaya a ramin koriyar, ɗaya a ramin kowace baƙar waya, sannan ka jona wuta. Idan fankarsa ba ta motsa ba, ya mutu, sai dai in irin masu tsadar nan ne da fankarsu ba ta juyi sai sun ɗauki zafi. Idan kana da mitar auna volt, wato multimeter, auna tsakanin baƙar waya da sauran: rawaya ta ba ka volt 12, ja 5, mai ruwan lemo 3.3, shunayya kuma 5 ko da kwamfutar a kashe take. An yarda da saɓanin kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, wato rawaya kada ta gaza 11.4 kada ta haura 12.6, ja kuma tsakanin 4.75 da 5.25.

Wannan gwajin kilif bai shafi da yawa daga kwamfutocin HP da Dell na ofis ba, kuma su suka fi yawa a hannun mutane a nan. Yawancin na baya-bayan nan bakin wayarsu ƙarami ne, mai rami 6 ko 8, launin wayoyin kuma na kamfanin ne, bai bi na kowa ba. Kada ka cusa musu kilif bisa cinta. Dell OptiPlex da yawa suna da ɗan maɓalli da 'yar fitila a bayan fawa fak: danna, in ta kawo kore lafiyarsa lau. Kuma idan za ka sayi wani, je da tsohon a hannunka, don ba kowane zai shiga ba.

Juyawar fanka ba shaidar lafiya ba ce gaba ɗaya. Fawa fak yana iya juya fankarsa amma ya durƙushe da zarar an ɗora masa nauyin furosesa. Sai an gwada akan san na ƙwarai: ari wanda ka tabbatar yana aiki ka jona. In za ka saya kuwa, ɗaga shi ka ji. Wanda aka rubuta wa wat 500 amma ba shi da nauyi a hannu, ni dai ba na amince masa da bod ɗina.

Fanka na juyawa, monita baƙi

Kafin ka ɗora wa akwatin laifi, wanke monitar daga zargi. Gwada ta da laftof, ko ka jona kwamfutar da talabijin. Duba fil ɗin wayar VGA, wadda ke haɗa monita da akwatin, sukan lanƙwashe. Idan kwamfutar tana da katin hoto na daban, dole wayar ta shiga jikin katin, can ƙasa, ba ramin da ke jikin bod ba. Kuma wasu furosesoshi ba sa fitar da hoto da kansu sam: na Intel masu harafin F a ƙarshe irin su i5-10400F, da na AMD irin su Ryzen 5 3600 da 5600. Da irin waɗannan, in babu katin hoto ba za ka ga komai ba ko komai lafiya yake. Shi 5600G, wannan G ɗin na nufin yana da nasa.

Danna Num Lock a kibod. In fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda ka danna, kwamfutar ta tashi, matsalar ta hoto ce kawai.

Sannan ka kasa kunne. Ƙara ɗaya gajera a yawancin bod na nufin lafiya lau. Ƙarar da ke ta maimaituwa ba tsayawa galibi ram take kira. Doguwa ɗaya da gajeru biyu a tsofaffin bod da yawa hoto take nufi. Sai dai kowane kamfani da yarensa, HP na haɗa ƙara da ƙiftawar fitilar maɓalli, Dell na ƙifta ruwan lemo da fari, don haka ƙirga su da kyau ka nemi fassarar a littafin kwamfutarka. Bod na zamani na ASUS, MSI da Gigabyte sun sauƙaƙa, suna da 'yan fitilu huɗu a gefe: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, nan aka maƙale.

Ram shi ne wanda na fi samu da laifi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙura ke sauka. Buɗe maƙallan gefe, zare shi, riƙe shi ta gefe-gefe. Goga bakinsa mai ruwan zinare da kilinar fensir mai tsabta a hankali har ya yi haske, kakkaɓe ɓurɓushin, hure ramin da bulowa. Kada ka hura da baki, tururin numfashi danshi ne. Mayar da guda ɗaya kawai, ka danna shi sosai har maƙallan su ce ƙas. Mutane da yawa tsoron karyawa ke sa su bar shi a rabin hanya. Kunna. Bai yi ba, canza masa rami. Bai yi ba, ɗauko ɗan'uwansa. A bod mai rami huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa, su ne A2 da B2.

Ga wata dabara mai amfani: zare ram ɗin duka ka kunna. Idan bod yana da 'yar sifika kuma ya fara kuka, albishir ne, domin yana raye har ya gane babu ram. Bod ɗin da ya mutu ɗungum ba zai yi kuka ba.

DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar bakinsu ba wuri ɗaya take ba, kada ka tilasta. Sabuwar kwamfuta mai DDR5 kuma takan yi 'yan mintuna da baƙar monita a tashin farko tana daidaita ram. Ka ba ta lokaci kafin ka yanke mata hukunci.

Bayan ram sai batir. Wani farin batir ne mai faɗin kwabo a kan bod, lambarsa CR2032, volt 3 ne, kuma masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. A inda ake zare kwamfuta daga soket kullum dare saboda tsoron wuta, ya fi saurin ƙarewa, tokumbo kuwa da tsohon batirinta take isowa. Alamarsa ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya, ko ta riƙa cewa ka danna F1 duk safiya, wasu kuma su ƙi tashi ɗungum. Zare wuta, cire batirin, danne maɓallin kunnawa, jira minti biyar, sa sabo da alamar + a sama. Wannan yana mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani, kuma shi kaɗai yakan tayar da kwamfutar da wani ya shiga ya yi wa saiti karambani.

In duk wannan bai yi ba, rage mata kaya. Bar bod, furosesa da fankarta, ram ɗaya da fawa fak, zare had dis da duk wani kati. Tabbatar bakin wuta mai rami 4 ko 8 da ke kusa da furosesa ya zauna daram, mantawa da shi ya sa sababbin haɗi da yawa sun ƙi tashi. Ta tashi a haka? Riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Ba ta tashi ba? Fito da bod ɗin ka ɗora a kan kwali ka gwada, wataƙila wani sukuru ne ya faɗa ƙarƙashinsa. Yanzu ne za ka dube shi da kyau da tocila: kafasita da kansa ya kumbura ko ya tsiyayo da tsatsa, wurin da ya yi baƙi, ƙauri. Da damina duba kusa da ramin wayar netwok, tsawa takan shigo ta nan ko da an zare wayar wuta. Sai ka ga irin waɗannan ne maganar bod ya ƙone ta fara kama hankali.

Furosesa ba ta cika mutuwa ba, kada ka cire ta sai dole. Fil ɗin da ke cikin mazauninta a bod na Intel sun fi gashi laushi, ɗan kuskure ya ishe su.

Tana tashi ta mutu

In bayan daƙiƙa biyu ko uku take mutuwa ta sake tashi, koma kan ram da fawa fak. In kuwa sai ta yi 'yan mintuna, zafi ne, kuma a watan Maris da Afrilu aka fi ganinsa. Za ka tarar ƙura ta toshe ƙarfen sanyaya furosesa ta zama dunƙule. Fitar da akwatin waje, riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima, ka hure. Cire ƙarfen, goge busasshen man da ke tsakaninsa da furosesa (thermal paste ake ce masa) da sifirit, ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya, mayar. A bod na AMD mai mazaunin AM4 murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga, in ba haka ba zai fizgo furosesar daga mazauninta.

Tambari ya fito, Windows ya ƙi hawa

Wannan ya fi sauƙi, domin bod, ram da furosesa duk sun ci jarrabawa. Fara da zare duk filashin da aka manta a jiki. Sannan shiga BIOS: Del ko F2 a ASUS, Del a MSI da Gigabyte, F2 a Dell, F10 a HP. Riƙa dannawa da zarar ka kunna. Nemi sunan had dis ɗinka a ciki. Babu shi? Kashe, canza wayar SATA, wadda ke haɗa had dis da bod, canza mata rami a bod. Idan had dis ɗin yana ƙas-ƙas a kai a kai, daina kunna shi nan take, kowane kunnawa yana rage damar ceto abin da ke ciki.

Yana nan amma ta ce "No boot device found"? Sau da yawa batir ne ya mutu saiti ya juye. Windows ɗin da aka sa ta hanyar Legacy, wato tsohon salon tashi, ba zai tashi a salon UEFI ba, haka ma akasinsa. Sauya wannan saitin ka gwada. In kuma shuɗin allo kake gani mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, duba saitin SATA, sauya tsakanin AHCI da RAID. Dell da yawa a kan RAID suke fitowa daga kamfani, wanda ya sa Windows kuma wataƙila a AHCI ya sa.

In duk saiti daidai ne, tayar da ita da filashin Windows ka zaɓi gyaran farawa, wato Startup Repair. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka bari a yi mata fomat kafin a kwashe fayilolinka. Cire had dis ɗin a jona shi da wata kwamfuta aikin minti goma ne, kuma furojet ɗin ɗaliban da ke ciki ba su da madadi.

Sabunta BIOS

Na ajiye shi a ƙarshe da gangan. Idan kwamfutarka tana aiki lafiya kuma ba ka da wani dalili, a bar kaza cikin gashinta. Ba ya ƙara gudu yadda wasu ke zato, kuma shi ne aiki ɗaya tilo a jagorar nan da ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya za ta iya kashe maka bod mai lafiya.

Dalilai na gaskiya akwai su. Babba shi ne sabuwar furosesa a tsohon bod. Bod na B450 ya riga Ryzen 5000 fitowa, su a Nuwamba 2020 suka zo, don haka in ka ɗora 5600 a kan B450 mai tsohon BIOS, fanka za ta juya, fitilar CPU ta kama, monita ta yi shiru. Haka bod na Intel H610 da B660 suke da furosesoshin zubi na 13. Masu Intel Core zubi na 13 da na 14, musamman i7 da i9, suna da nasu dalilin: an samu matsalar wuta da ke lalata furosesar a hankali, Intel ta fitar da gyara a Agusta da Satumba 2024, lambobinsu 0x129 da 0x12B, kuma ta cikin sabon BIOS gyaran ke isowa. Sai toshe ɓarakar tsaro, da masu neman hawa Windows 11 tun da Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10. Su waɗannan su fara dubawa, sau da yawa TPM 2.0, sashen tsaron da Windows 11 ke nema, yana nan a cikin saiti, kunna shi kawai za a yi, sunansa PTT a Intel, fTPM a AMD.

Mataki na farko, san ainihin bod ɗinka. Idan Windows na tashi, danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, za ka ga sunan bod da sigar BIOS ɗin da ke kai. Idan ba ya tashi, karanta a jikin bod ɗin. Harafi ɗaya yana raba bod biyu: mai WIFI a sunansa daban, mai II ko V2 daban, mai DDR4 daban da mai DDR5. Gigabyte na rubuta REV 1.0 ko 1.1 a kusurwa, kuma wani lokaci fayilinsu ba ɗaya ba ne. Mai Dell ya yi amfani da lambar Service Tag mai haruffa 7 da ke jikin akwatin, mai HP kuma siriyal lamba.

Sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin kaɗai. Ba daga wanda aka turo a zauren WhatsApp ba, ba daga filashin abokin da ya ce nasa irin naka ne ba. Karanta bayanin da ke ƙarƙashin sigar, domin wasu sukan ce sai ka bi ta wata siga tukuna, wasu ba a komawa baya in an hau su, wasu kuma suna jefar da tsofaffin furosesoshi don samar wa sababbi wuri. Wanda aka rubuta wa Beta ka ƙyale shi sai in babu makawa.

Samo ƙaramin filashi, 8GB ko 16GB ya isa, yi masa fomat a FAT32. Warware fayil ɗin daga zip, ajiye shi a fili cikin filashin ba cikin folda ba.

Kafin ka ci gaba, abu biyu. Idan BitLocker, makullin Windows da ke kulle had dis, a kunne yake, dakatar da shi ka kuma rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda. Bayan sabuntawa yana iya tambayar ka, in ba ka da shi fayilolinka sun kulle ke nan, kuma babu mai gyaran da zai buɗe. Ɗauki hoton shafukan saitin BIOS da wayarka, don duk za su goge.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ta fi duk sauran nauyi. Kada ka yi wannan aiki da wutar layi zalla, ko da unguwarku ta kwana uku ba a ɗauke ba. Kana buƙatar UPS mai batir mai rai, ko inbata mai caji. Gwada UPS ɗin tukuna: kunna kwamfuta da monita a kansa, zare shi daga bango, ka ga ko zai riƙe minti goma. Da yawa suna nan a ofisoshi suna ƙara kawai, batirinsu ya daɗe da mutuwa. In janareta ne, a cika mai, a gaya wa kowa kada a taɓa canjoba ko an kawo wuta. Ba ka da ko ɗaya? Ɗauki akwatin zuwa inda suke da sola. Kuma in hadari ya haɗo, bari sai gobe.

Sa filashin a ramin baya, shiga BIOS, buɗe kayan sabuntawa: EZ Flash a ASUS, M-Flash a MSI, Q-Flash a Gigabyte, Instant Flash a ASRock. A Dell danna F12 lokacin tashi ka zaɓi sabunta BIOS. Na fi son wannan hanyar a kan yi daga cikin Windows, inda wata manhaja za ta iya maƙalewa a tsakiyar aiki. Zaɓi fayil, tabbatar, sannan ɗauke hannunka. In ta ce fayil ɗin bai dace ba, ka gode mata, kada ka nemi hanyar tilastawa. Monita za ta yi baƙi, kwamfutar za ta mutu ta tashi sau biyu ko uku, fanka na iya yin gudu da ƙarfi. Duk cikin aikin ne. Nan ne mutane ke karaya su danna maɓalli, su kashe ta da hannunsu. Ka ba ta aƙalla minti 15.

Ta dawo? Shiga BIOS, duba sabuwar siga ta hau, zaɓi mayar da saitin asali, sannan ka bi hotunan da ka ɗauka ka gyara agogo, UEFI ko Legacy, AHCI ko RAID, da XMP, saitin gudun ram, in kana amfani da shi. Danna F10 ka adana. A bod na AMD in ta tambaye ka ko a goge fTPM, kada ka danna Y sai mabuɗin BitLocker na hannunka, ko ka tabbatar ba a kunna shi ba.

To wanda bod ɗinsa bai san sabuwar furosesa ba, ta yaya zai shiga BIOS ɗin ma? Duba bayan bod ɗin. In akwai ɗan maɓalli kusa da wani ramin USB da aka yi wa alamar BIOS, ka huta, domin irin wannan yana sabuntawa ba furosesa ba ram. Sunan fayil ne sirrinsa: MSI.ROM a MSI, GIGABYTE.bin a Gigabyte, CREATIVE.ROM a ASRock, ita kuwa ASUS tana haɗo wata 'yar manhaja, BIOSRenamer, cikin zip ɗin da ke canza sunan da kanta. Jona bakin wuta mai rami 24 da mai 8, kunna fawa fak amma kada ka kunna kwamfutar, sa filashi a wannan ramin takamaimai, danne maɓallin kamar daƙiƙa 3. Fitila za ta yi ta ƙiftawa na wasu mintuna, jira har ta daina. In ta ɗan ƙifta ta tsaya cak tun da farko, ba ta karanta ba: sunan fayil ne, ko filashin ba FAT32 ba ne, ko dai ba ta son wannan filashin, gwada wani tsoho. Bod ɗin da ba shi da maɓallin, sai an aro tsohuwar furosesar da ya sani an sabunta da ita. Shi ya sa ya fi kyau ka sa mai shagon ya yi maka a gabanka tun ranar saye.

Idan wuta ta yanke ana tsakar aiki, har yanzu bod ɗin bai zama bola ba. Maɓallin nan na baya yakan farfaɗo da shi. Gigabyte da yawa suna da cif biyu, na biyun yakan karɓi aiki da kansa. A HP riƙe maɓallin Windows da B, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa biyu ko uku ka saki, ka ci gaba da riƙe sauran har allon farfaɗowa ya fito. A Dell Ctrl da Esc ake riƙewa lokacin kunnawa.

In duk sun ƙi, nemi mai gyaran da ke da furogirama, irin su CH341A, 'yar na'urar da ke maƙale cif ɗin ta rubuta masa BIOS kai tsaye. Masu gyaran bod na laftof sun fi riƙe ta, don haka su za ka tambaya. Ka ce masa ya fara kwafe abin da ke cikin cif ɗin ya ajiye kafin ya goge, domin a kwamfutocin HP da Dell siriyal lamba da lasisin Windows a ciki suke. Kuma cire had dis ɗinka ka bar shi a gida, aikin cif ba ya buƙatar sa.